Asabar a birnin Cluj na ƙasar Romaniya, ni da tsohuwa da akwatin rediyo

Yau ko leƙa littafi ban yi ba, ga jarrabawa ranar Talata. Tsohuwar da nake haya a gidanta ce ta roƙe ni in taya ta kwashe tarkacen ɗakin ajiya, wai masu gyaran famfo za su zo. Can ƙarƙashin tsofaffin barguna muka ci karo da wani akwatin rediyo mai nauyi, ƙirar VEF, na zamanin Tarayyar Sobiyet. Nan aiki ya tsaya. Ta ce, "Ɗana, ajiye tsintsiyar nan, zo mu sha shayi."

Da wannan akwati ita da marigayi mijinta suke kama Europa Liberă, sashen Romaniyanci na Radio Free Europe, wanda 'yan Romaniya masu gudun hijira ke watsawa daga Munich a Jamus. Na tambaye ta ko gwamnati na toshe tashar da ƙara. Ta ce a'a, tun 1963 aka daina. Abin tsoron shi ne maƙwabci ya ji ta bango, ko yaro ya je makaranta ya maimaita abin da ya ji. Sai a rage murya, a kusanto da kunne. Ga shi daga 1985 talabijin ɗin gwamnati awa biyu kacal yake yi a yawancin ranaku, rabinsa kirarin shugaban ƙasa na lokacin, Ceaușescu, da matarsa. To me mutum zai saurara?

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne labarin Doina Cornea. Malamar Faransanci ce a jami'ar garin nan. A 1982 ta aika wasiƙa a ɓoye zuwa gidan rediyon, aka karanta, a 1983 aka kore ta daga aiki. Bayan boren ma'aikatan birnin Brașov a Nuwamban 1987 aka kama ta tare da ɗanta saboda raba takardun goyon baya. Tsohuwa ta ce gari ɗaya suke, watakila ma sun sha haɗuwa a layin burodi, amma ba ta taɓa jin ko kalma ɗaya game da ita a bakin wani ɗan Cluj ba. Sai da labarin ya tsallaka iyaka, ya je Munich, sannan ya dawo mata cikin kicin. Ni a ganina ƙarfin tashar ke nan. Masu sharhi suna da nasu amfanin, amma wasiƙun mutanen gida ne suka sa kowa ya gane ba shi kaɗai ke cizon yatsa ba. Shi ya sa a 1983 aka kafa dokar yi wa kowace keken rubutu rajista a wurin 'yan sanda.

Tsohuwa tana kiran sunayen ma'aikatan tashar tamkar danginta. Monica Lovinescu da mijinta Virgil Ierunca, masu sharhin adabi daga Paris. Mahaifiyar Monica a kurkukun Romaniya ta rasu a 1960, ita kuma a 1977 wasu suka yi mata dukan kawo wuƙa a ƙofar gidanta, ta warke ta koma gaban makirufo. A Fabrairun 1981 mutanen Carlos, ɗan ta'addan nan ɗan ƙasar Venezuela, suka tayar da bam a ginin rediyon na Munich. A shekarar aka daba wa Emil Georgescu, ɗan jaridar tashar, wuƙa, Allah ya yi da sauran kwanansa. Shugaban sashen, Noël Bernard, ya rasu da ciwon daji a 1981, Vlad Georgescu, wanda ya shugabanci sashen daga baya, shi ma haka a 1988, bayan ya sa an karanta littafin Ion Pacepa, babban jami'in leƙen asirin Romaniya da ya tsere zuwa Amurka. Tsohuwa ta rantse Securitate, hukumar 'yan sandan ciki ta gwamnatin Romaniya ta lokacin, ce ta kashe su. Na ja bakina na yi shiru, don zargi ne da har yau ba a tabbatar ba.

Da ta zo kan Cornel Chiriac sai ta fashe da dariya. Wai ita don waƙoƙin Turawa da yake sawa a shirinsa na Metronom ta fara sauraro tun tana budurwa, siyasa daga baya ta biyo.

Na ɗan taɓa ta, na ce, "Mama, ai kuɗin Amurka ne, har zuwa 1971 ma CIA ke biya." Ko gezau. Ta ce sun sani sarai, kuma ba duk abin da aka faɗa suke haɗiyewa ba. Amma lokacin girgizar ƙasar 4 ga Maris 1977, wa ya kwana yana karanta saƙonnin masu cigiyar 'yan uwa? Ban sami abin cewa ba, ko da yake har yanzu ina ganin mai biyan kuɗi yana da ta cewa a abin da aka zaɓa a faɗa da wanda aka tsallake.

Da dare na kira Baba na ba shi labari. Ya ce ai mu ma an yi Radio Kudirat zamanin Abacha, ta 'yan adawa da ke ƙasashen waje, sai dai shi BBC da Muryar Jamus ya fi riƙewa. Daga nan ya tambaye ni karatu, na ce alhamdulillahi, muna ta fama.

Ɗakin ajiya dai rabi muka kwashe. Sauran sai gobe bayan azahar, in Allah ya kai mu.