Hantsakin kama jijiya da abin da ke ɓoye a gaɓarsa

Aikina a wani asibiti da ke nan Jos shi ne duba kayan tiyata bayan an wanke su, kafin a naɗe su a kai tukunyar turara kaya da muke kira otokilab. Duk wanda bai taɓa shiga wannan ɗaki ba yana zaton aikin ƙirga almakasai ne kawai, alhali a nan ake gane ko wanda ya zana kayan ya san inda za a yi aiki da su ko kuwa a takarda kaɗai ya tsaya. Cikin kayan da ke bi ta hannuna kullum babu wanda nake daɗewa a kansa kamar hantsakin kama jijiyar jini, wanda likitoci ke kira da sunan Spencer Wells, likitan fiɗa na Ingila da ya gyara fasalinsa a ƙarni na 19.

Idan ka ɗauke shi za ka ga kamar almakashi ne marar kaifi, amma kowane sashe nasa da dalilinsa. Bakinsa yana da ƙananan tsage-tsage domin ya riƙe jijiya mai santsi ba tare da ya datse ta ba. Kusa da zoben yatsu akwai 'yan haƙora da ke sarƙewa da juna idan an matse, ta yadda likita zai saki hannunsa ya ci gaba da wani aiki alhali hantsakin yana nan riƙe da jijiyar. Dogayen hannuwansa kuma an yi su ne su ɗan lanƙwasa su dawo, domin wannan tauri mai dawowa shi ke riƙe haƙoran a kulle. A tsakiya akwai gaɓa inda ɓari ɗaya ke ratsawa ta cikin ɗayan kamar takobi a kube, kuma wannan fasali ne ke hana bakin gocewa gefe bayan an buɗe an rufe sau dubbai.

A wannan gaɓa ake yin ta. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne ya mayar da ita maɓoyar jini da datti, saboda burushi ba ya kai wa can ciki sai an buɗe hantsakin sosai. Wata tsohuwar sista da ta koya mini aiki takan ce, "Ɗana, kada ka dubi ƙyalli, buɗe masa hammata ka gani." Daga wurinta na koyi ɗaga shi sama ta fuskar fitila in rufe bakin a hankali, in ga ko tsinin biyu ne suka fara haɗuwa kafin sauran. Sannan in kulle shi a haƙori na farko in ɗan buga shi a tafin hannuna. Idan ya ɓalle da kansa, to ba zai koma ɗakin tiyata ba, domin wanda ya ɓalle a tafin hannu zai ɓalle a cikin mutum.

Ƙarfen da ake ƙera shi da shi mun saba kiransa marar tsatsa, sunan da ya yaudari mutane da yawa. Harry Brearley ne ya samar da shi a garin Shefil na Ingila a 1913, kuma sirrinsa sinadarin kuromiyam ne, wanda idan ya kai kashi 10.5 cikin ɗari ko fiye yakan haɗu da iska ya yi wa ƙarfen wata fata siririya da ido ba ya gani. Sai dai almakashi da hantsaki suna bukatar tauri, don haka ana yin su da nau'in da ke da kabon mai ɗan yawa, irin su 410 da 420, waɗanda suke karɓar horon wuta amma ba su kai nau'in 316L da ake dasawa a jiki jure tsatsa ba. Mai zane dole ya zaɓi abin da zai rage domin ya sami abin da yake so, kuma mu da ke ɗakin wanki mu ke biyan bashin wannan zaɓi.

Shekaru da dama a asibitocinmu ana jiƙa kayan tiyata a ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari kafin a wanke su, kuma minti goman da aka ƙayyade yakan zama awa guda idan aiki ya yi yawa. Sinadarin kulorin da ke cikin bilic ɗin yana huda waccan siririyar fata ya bar ƙananan ramuka, yawanci a cikin gaɓar, inda ruwa ke kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da shawarar wannan jiƙo a jagorarta ta 2016, amma al'adar da ta zauna ba ta tashi da takarda ɗaya. Ruwan gishirin da ake ƙara wa marasa lafiya ma haka yake cin ƙarfe idan aka bar shi ya bushe a kansa. Ga ruwan burtsatse da ke barin tabo, ga wutar lantarki da ke ɗaukewa tukunya tana tsakiyar aiki, alhali ana bukatar zafin digiri 121 na minti 15, ko digiri 134 na minti 3, kafin a ce ƙwayoyin cuta sun mutu. Idan na ga jan tabo, nakan goga shi da magogin fensir; in ya fita tas datti ne, in ya bar rami tsatsa ce ta ci.

Mafi yawan kayan da muke gani daga Siyalkot ta Pakistan suke, ko Tutilingen ta Jamus, kuma ba na cikin masu yanke hukunci da sunan gari, domin na riƙe nagartattu daga Siyalkot, na kuma riƙe waɗanda suka yi ja tun turara ta uku. An taɓa kawo mana kwali guda ta hannun wani ɗan kwangila, masu ƙyalli kamar kayan lefe, amma cikin wata biyu rabin haƙoransu sun daina kamawa. Ƙyallin kansa aibi ne a ƙarƙashin fitilar tiyata saboda yana kashe ido, shi ya sa masu ƙira da yawa suke dusashe fuskar ƙarfen da gangan. Zoben da aka yi wa ruwan gwal kuma ba ado ba ne. Alama ce cewa an lanƙaya wa bakin tangistin kabaid, wanda ya fi ƙarfen tauri, musamman a mariƙin allurar ɗinki.

Akwai kuma batun hannun da zai riƙe. Haƙoran kullewa da kaifin almakashi an tsara su ne domin hannun dama, don haka wani likita bahago da nake aiki da shi sai da ya koyi buɗe su da wata dabara ta daban, ko da yake ana ƙera na bahagwai, ba dai su cika zuwa mana ba ne. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya zana kayan fiɗa kusan ɗari biyu a juzu'in ƙarshe na littafinsa At-Tasrif, kuma shi mai yankan ne ya zana su. Wanzaman unguwarmu ma haka suke yi da maƙeri: su kai aska su ce a rage nan, a lanƙwasa can. Tun bayan wancan kwali, duk lokacin da za a sayo kaya nakan roƙi a fara kawo guda uku, mu wanke su da ruwanmu mu turara su a tukunyarmu na tsawon wata guda, sannan in kai wa likitoci da sistoci su gwada a hannunsu kafin a sa hannu a takarda.