Tsohuwar kwamfutata ta samu aikin sa kai

Kwamfutar teburin da na ajiye tana ƙura yanzu tana yi wa Einstein@Home lissafi ta manhajar BOINC, wato taya masana neman taurarin da ake kira pulsar. Matsalar ita ce wuta: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) i5-2400 da ke cikinta mai wat 95 ne, batirin solata kuwa ba ya jure wannan har asuba.

Na maye gurbinsa da furosesa i7-3770S na hannu, mai wat 65, tunda soket ɗinsu (ramin da ake saka su) ɗaya, LGA1155. Sai da na sabunta BIOS (manhajar da ke tada kwamfuta) tukuna, in ba haka ba ko tashi ba za ta yi ba. Yanzu ayyuka takwas take ja lokaci guda maimakon huɗu. Da zafin Afrilu kuwa, rabin ƙarfinta nake ba BOINC.