Ƙwayar da ban duba ba

Ƙarshen wannan watan zan bar ɗakin adana busassun tsirrai bayan shekara shida. Da nake kwashe kayana jiya, sai ga wasu tsofaffin takardun da aka manna wa ciyawa a ƙasan durowa, da sunan ciyawar da na rubuta da hannuna an ja masa jan layi. Na zauna na daɗe ina kallonsu.

A daminata ta farko aka tura ni wata fadama wajen Haɗeja in tattaro ciyayin dangin aya. Na ga wata mai kara kusurwa uku, kanta ruwan zinare, nan take zuciyata ta ce ayar daji ce, Cyperus esculentus. Ai tun ina yaro nake ganin aya. Na yanko ta daga sama ban tono saiwar ba, na matse tsakanin jaridu, na dawo. Shugaban sashenmu yana gaggawar rahoto, ya ce in rubuta sunayen kafin Juma'a. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ban duba ƙwayoyin furen ba tukuna." Ya ce ba shi da lokacin wannan, in rubuta abin da ido ya gani. Na rubuta, shi kuma ya sa hannu a ƙasan kowace takarda.

Bayan wata uku wata baƙuwa masaniyar tsirrai ta zo. Ta ɗauki takarda ɗaya, ta ɓanɓare ɓawon fure guda da bakin allura, ta sa madubin hannu. Ba ta yi minti biyu ba ta ɗago kai. Zaren da ke kan ƙwayar, wanda ke karɓar garin fure, ya rabu biyu ne. Na aya uku yake rabuwa. Ƙwayar kuma a matse take, fuska biyu, gefenta na kallon sandar zangarniya, alhali ƙwayar furen aya kusurwa uku ce. Pycreus ce, wata ciyawar daban a dangin aya, in ji ta, cikin sanyin murya.

Shugabanmu bai yi sanyin murya ba. A gabanta da gaban ɗalibai ya ce irin yaran da ake ɗauka aiki yanzu ke nan, ba su san ciyawa daga dawa ba. Sa hannunsa na nan a takardar da yake kaɗawa. Ban ce uffan ba, kuma har yau wannan shirun yana ci mini rai. Laifina na yarda da shi, domin babu wanda ya riƙe mini hannu lokacin da na ƙi tono saiwar. Da na tono, da na ga babu 'ya'yan aya ko ɗaya a ƙasa. Amma mutumin da ya hana ni duba ƙwaya ba shi ya kamata ya kunyata ni a kan ƙwaya ba. Na sani yanzu masana da dama sun mayar da Pycreus cikin Cyperus bayan binciken ƙwayoyin gado, sai dai wannan bai wanke ni ba, tunda abin da na kira aya ba aya ba ne.

Wanda ya ɗaga ni wani dattijo ne da ya fi shekara talatin yana manna tsirrai a ɗakin, Baba muke ce masa. Da yamma ya kira ni ya ce, "Zo nan, ɗana, kawo hannunka." Ya murje busasshiyar zangarniya a tafina, ya hura ƙaiƙayin a hankali kamar mai shiƙa, sai ga ƙwayoyi sun rage, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Ya ce a wannan dangin ganye ba ya faɗa maka kome, duk kamarsu ɗaya. Mun yi makonni haka, littafin Lowe da Stanfield na 1974 kan wannan dangi a Nijeriya buɗe a gabanmu, yana sa ni ƙirga zare ina zana ƙwaya. A wurinsa na koyi rarrabe sauran rukunan dangin, na ga ɗan maɓallin da galibi ke maƙale a kan ƙwayar Bulbostylis, wanda a Fimbristylis yake faɗuwa tare da zaren. A wurinsa na fara ganin ƙwayar Scleria, fara tas mai tauri kamar dutsen ado. Dangin ya haura iri 5,000 a duniya, kuma mafi yawan bambancin a wannan ɗan abin yake.

Sauran darussan gajeru ne. A tono da saiwa, ko da laka za ta kai gwiwa. A jira ƙarshen damina ƙwaya ta nuna, ɗanya ba ta da siffa. Aya-aya kanta ja-ja ne mai duhu, 'ya'yanta a jere kamar carbi kuma da ɗaci, aya kuwa ɗaya-ɗaya suke a ƙarshen saiwa. Kada ka rubuta suna don wani yana sauri, ko waye shi.

Bara baƙuwar nan ta dawo, ta bi akwatunan dangin aya ɗaya bayan ɗaya har kwana biyu, ba ta ja layi a kan ko ɗaya daga sunayen da na sa ba. Shugaban sashe ne ya karɓi yabon a wurin taro. Baba ya riga ya yi ritaya, sai na kira shi a waya daren nan na faɗa masa.