Kunkurun Kawu da muka yanka a tsakar gida

Babban yarona ne ya jawo mana wanga aiki wallahi. Wani dare bayan isha'i ya miƙo mini waya wai Baba dubi nan, na duba sai ga wani Bature da 'ya'yansa a garejin gidansu suna ta buɗe akwatuna, ƙarafa da notuna da wayoyi kowanne da lambarsa, ga littafi mai kauri suna bi shafi shafi har abu ya zama mota. Hot rod suke ce mata. Asalinta daga Kalifoniya ne a Amurka tun shekarun 1930, samari kan sayi tsohuwar Ford su ciccire duk abin da ke da nauyi su ƙara ma inji ƙarfi su tahi busasshen tafki suna tsere, wadda suka fi ji da ita kuwa ita ce Ford ta 1932 mai inji V8. Yanzu kamfanoni irin Factory Five a akwati suke sayar da ita ka haɗa da kanka, kuma fa babu inji babu giya a ciki, waɗannan kai za ka nemo.

Yaro ya ce mu yi oda. Na ce to lissafa mini. Ya lissafa da dala ya juya zuwa naira, bai ma kai ga kuɗin jirgin ruwa da kwastan da tirela daga Legas zuwa Birnin Kebbi ba sai na ga ya kife wayar ya ce sai da safe.

Ni kuma abin ya ƙi barin raina. Sai na tuna da Bitil ɗin Kawu da ke kwance bayan gidansa a Argungu, irin Volkswagen ɗin nan da ake ce ma kunkuru wadda aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975, kaji har ƙwai suke yi a kujerar baya. Na je na roƙa, ya yi dariya ya ce ɗauki ɗana ka rage mini shara, amma in ta tashi ni za a fara ɗauka. Da igiya muka jawo ta.

Abin da ya sa Bitil ta dace da irin wannan ɓarnar shi ne bodinta ɗaure yake da noti a kan farantin ƙasa, ka kwance ka ɗaga ka ajiye gefe, inji da giya da tayu duk suna nan a faranti. Inji a baya yake, silinda 4, ba lagireto ba ruwa, iska ke sanyaya shi. Wani Ba'amurke Bruce Meyers tun a shekarun 1960 ya gano haka, ya rage tsawon farantin da kamar inci 14 ya ɗora ɗan bodi mara nauyi don yawo cikin rairayi. Mu ma muka ce hakan za mu yi, sai dai namu bodin da angil ayan da falan ƙarfe.

Ranar da muka ɗaga bodin mu shida har da maƙwabta, maman yara ta fito daga kicin ta tsaya riƙe da ludayi ta ce Malam wanga tarkace ina za ni yi shanya? Na ce sati biyu ne. Wata bakwai ke nan yau.

To ga inda nake son zuwa. Bature yana da littafi mu ba mu da shi, kuma ni da yaron duk masu garaje ne, mu kwance noti mu jefar a ƙasa muna cewa ai za mu tuna. Autata 'yar shekara 12 wadda ba wanda ya gayyace ta, ita ta tattaro gwangwanayen tumatir da na madara ta wanke, ta manna takarda a kowanne, ta ɗauko ragowar littafin makaranta ta zauna kan turmi tana rubutu. Duk abin da aka kwance sai ta tambaya Baba wannan daga ina, hagu ko dama? Sunayen ma nata ne, "noti mai kambi", "ƙusa mai baki biyu", "robar da ta yi kama da kunnen jaki". Da fari haushi take ba ni don tana tsai da aiki, har na taɓa yi mata tsawa ta tashi ta bar mu kwana biyu, a kwana biyun nan muka ɓatar da sifirin na birki wanda sai da aka aiko mana da wani daga Ƙofar Ruwa a Kano. Ni na je na ba ta haƙuri da tsire.

Yankan farantin ne ya fi ba mu wuya. A tsakiyarsa akwai wani ƙashin baya kamar bututu, a ciki ne fayif ɗin fetur da wayar kuloci da ta totur da sandar giya suke bi su tahi baya, in ka rage faranti dole kowannensu ka rage shi daidai. Mai waldar da na ɗauko gwanin ƙofofi da tagogi ne ba ƙarya, amma bai taɓa shiga cikin Bitil ba, ya sa garanda ya datse fayif ɗin fetur, ya kuma haɗa sandar giya a ɗan karkace, ka nemi giya ɗaya ta ba ka uku. Laifina ne da na tafi sallar la'asar na bar shi yana yanka. Sau biyu aka sake, duk da janareto don wuta ba ta zama.

Injin kam wani tsohon bakanike na kawo, hannunsa har rawa yake amma kunnensa ras. Shi ya hana yarona cire gwangwanayen da suka rufe inji, yaro yana so silinda su fito fili kamar na bidiyo, tsoho ya ce yaro nan Kabi ne, ka cire su iskar fanka ta watse, zafin Afrilu ya gasa maka inji kafin ka kai Kalgo. Ya saita bawul da sanyin safiya inji na sanyi, 0.15 milimita, ya jera wayoyin fulogi 1-4-3-2 yana faɗa auta na rubutawa. Baƙin mai lita 2 da rabi. Bugu na huɗu ta kama, ba salansa, akuyar maman yara ta tsinke igiya, yaran unguwa suka cika mana zaure.

Jumma'ar da ta wuce muka shirya ɗan zagaye a filin bayan gida, titi kam ba yanzu ba sai an yi takardu da fitilu da bel. Na aika a ɗauko Kawu ya zo da babbar riga. Na laluba aljihu ba makulli. Ashe auta ta ɗauke, tana tsaye da gwangwani ɗaya a hannu da littafinta a buɗe ta ce Baba ƙusa mai baki biyu ta tayar baya ta hagu ba a mayar ba. Na tsuguna na duba, babban notin nan na sufana 36 da ke riƙe da dirom ɗin taya, tsirara yake ba fin, ga tsohon a gwangwani ya karye gida biyu. Kawu ya kalle ni ya kalli tayar ya naɗe babbar rigarsa ya koma kan tabarma ya ce a kawo mai fura.

An sayo fin ɗin jiya an sa, makullin dai har yanzu yana wurinta, wai saura gwangwani uku ba ta gama dubawa ba.