Godiya ga duk wanda ya tsaya mini

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallamo ni daga asibiti bayan haɗarin da ya rutsa da ni, ina gida. Ƙafar tana naɗe da filasta har yanzu, barci ma sai kaɗan-kaɗan, amma duk wanda ya ga yadda aka kwashe ni daga mahaɗar Gidan Mai a Bauchi ya san Allah ya yi mini rahama. Labarin kun riga kun ji, ba ni da ƙarfin maimaita shi. Godiya na zo yi.

Masu dubiya da dama sun tambaye ni abin da ya kai ni bakin titi da sassafe da takarda da biro. Aikin kenan. Mai koyon tsara harkar sufuri da ƙirga motoci yake farawa. A ba ka kusurwa guda, duk minti 15 ka buɗe sabon layi, keke napep daban, babur daban, ƙananan motoci, bas, tirela, ka kuma ware wanda ya miƙe da wanda ya karya dama ko hagu. Zane huɗu a tsaye, na biyar ya gicciye su. Bauchi kuwa mararraba ce. Mai zuwa Jos, mai zuwa Kano ta Ningi, mai Gombe, mai Maiduguri ta Darazo, mai Dass, ga tirelolin siminti daga Ashaka, kowa da rabonsa a titunanmu. Da wannan ƙidayar ake gane inda ke buƙatar danja, da inda ya kamata keke ya riƙa sauke fasinja, da inda 'yan makaranta za su tsallaka lafiya. Idan takardar safiya ɗaya ta ɓace, sai an sake ƙirgar ranar gaba ɗaya.

Abin da ba ya barin raina shi ne lokacin da nake kwance a kwalta, na kasa juyawa, ina jin hucin birkin tirela a bayana. Kalmar shahada kawai nake yi, ina tunanin wa zai gaya wa Mama. Takarduna kuwa iska ta watsa su tsakiyar titi, ko ta kansu ban bi ba.

An ce bai kyautu a riƙa tallata mai alheri ba, amma Inna mai ƙosai ta bakin mahaɗar, ki yi haƙuri, sai na faɗa. Baiwar Allah nan ta bar kaskonta a kan wuta, ta shiga tsakanin motoci tana tsince takardun ɗaya bayan ɗaya. Washegari sai ga ta a asibiti da su a cikin baƙar leda, duk sun sha mai a gefe, ɗaya ma da sawun taya a kai. Ta ce, "Ɗan nan, ban san abin da kake rubutawa ba, amma na ga kullum ko ƙosanka ba ka ci sai ka cika layi, na san abu ne mai amfani." Da Injiniya, maigidana a wurin aiki, ya duba, babu wadda ta ɓace. Na yi kuka a gaban mutane. Inna, Allah ya raya miki zuri'a, ya kai ki Makka, ya sa wannan a mizaninki.

Injiniya maigidana, kai ma ka hana ni ambatonka. Kai ka sa hannu aka shiga da ni tiyata kafin 'yan gidanmu su iso, ka biya kuɗin hoton ƙashi, ka kwana a kan benci. Allah ya jiƙan mahaifanka, ya ɗaukaka ka duniya da lahira. Mai keken da ya sauke fasinjojinsa ya ɗauke ni, ko sunanka ban sani ba, Allah ya san ka, ya mallaka maka naka na kanka. Abokan koyon aikina da suka ba da jini suka kuma raba kusurwata a tsakaninsu, da direbobin tashar Muda Lawal da na sha damunsu da tambayar daga ina zuwa ina suka haɗo kuɗi suka aiko, da ma'aikatan jinya na dare, Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya tsare ku a kan hanya, ya tsare iyalanku.

Mama da Yaya, ku ba a gode muku da baki. Allah ya ba ni ikon kyautata muku.

Akwai waɗanda jini ya haɗa mu, gari ɗaya muke kwana, ko kiran waya ban samu ba. Ya yi mini ciwo, musamman ganin Mama tana ta waiwayen ƙofa lokacin dubiya. Wataƙila akwai uzuri. Allah ya bar zumunci.

Wayata ta fashe a wurin, don haka waɗanda suka turo saƙo ko taimako ban amsa ba, ku yafe ni, zan bi ku ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ya ce kafin likita ya yarda in taka, zan riƙa shigar da ƙidayar a kwamfuta daga gida. Ku ci gaba da sa ni a addu'a, ƙashin ya haɗe daidai. Allah ya bar mu tare, amin.