Mai Cin Abinci da Ganyen Kuka

Ni ganye nake sayarwa. Garin kuka, busasshen zogale da zoɓo muke tankaɗewa, mu ƙulla a leda, mu kai shaguna a cikin Kano. Mu biyar ne, ni da ƙanwata da yara uku masu awo. Cinikinmu na shekara kaf, tsakanin Satumba da Disamba ake ƙulla shi, don haka da kaka ta kama ba a samuna a gida.

Kuka ba ta jiran kowa. Da ruwa ya ɗauke ganyenta zai fara rawaya, kafin hunturu ya kankama ya zube tas, ta tsaya tsirara sai rassa. Wanda bai saya ba kafin nan, sai dai ya je kasuwar Dawanau ya biya abin da masu ajiya suka yanka masa. Ni wadda aka shanya a inuwa nake nema, koriya shar. Ta rana koɗewa take yi. Nakan zuba kaɗan a tafin hannu, in ɗiga ruwa, in murza da yatsa. In ta yi yauƙi ta ja zare, mun shirya. Shekarar da na yi ganganci na ɗauki buhu shida ban gwada ba, ashe an cakuɗa da wani ganye. Awakin maƙwabta ne suka more.

Abin da ke ba ni dariya a hanya shi ne gawo. Duk damina yana tsaye ƙwarangwal, sai sauran itatuwa sun fara kakkaɓe ganye shi kuma ya tofo. Manoma na son sa a gona, don ba ya yi wa gero inuwa.

Zoɓo sai wajen Nuwamba, shi ke kai ni Gumel da kuma Maigatari, wadda kasuwarta ke ci ran Alhamis. A irin wannan tafiya ce nake cin karo da kalankuwa. An kai amfani gida, rumbu ya cika, samari da 'yan mata sun ci ado, kalangu na tashi a dandali, mahauta sun ɗaure hannu ana dambe. Ranar kada ma ka tayar da zancen awo. Na taɓa isa wani ƙauye da buhunana, tsohuwar da ke tara mini kaya ta ce, "'Yar nan, ajiye mudun nan, yau ba a ciniki."

Na ce, "Gwaggo, mota fa na ɗauko shata."

Ta miƙo mini ƙwaryar furar sabon gero. Direba ya riga ya kutsa cikin 'yan kallon dambe, nan muka kwana. Washegari ta fito mini da zoɓo ja wur, wanda ta ɓoye wa wasu masu saye biyu.