Darussan da teknetiyam ya koya mini

Yanzu da na bar ɗakin haɗa allurar hoto, darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na iska.

Kwalbar MDP, maganin allurar hoton ƙashi, tana ɗauke da ɗan gishirin kuza. Aikinsa ya sauya teknetiyam-99m, sinadari mai tiririn da ke ba da hoto, wanda aka tatso daga janareta (tukunyar molibdenam-99 da ke rikiɗa ya zama teknetiyam), yadda zai kama maganin. Kuzar ba ta taka kara ta karya ba, kuma oksijin na kashe ta. Kumfar iska a sirinji, idan ta shiga kwalba, ta isa ta bar wani kaso na teknetiyam a sake. Na'urar auna ƙarfi ba za ta tona asiri ba, don hasken gamma na 140 keV ɗaya ne, ya kama ko bai kama ba. Sai bayan awa 3 hoto ya fito: tairod da tumbi da wuraren yawu suna walƙiya, ƙashi kuwa dishi-dishi. An ɗura wa majiyyaci tiriri a banza, kuma dole ya sake dawowa.

Abin takaici, gwajin da ke hana wannan na 'yan mintoci ne. Ɗigo ɗaya a takardar gwaji, a tsoma gindinta a ruwan sinadarin asiton: sakakken zai haura sama, kamammen ya tsaya a ƙasa. Idan tsarkin bai kai kashi 90 cikin 100 ba, ba a yi wa kowa allurar. Shugaban da ke cewa "bar gwajin nan, mutane na jira" shi ne zai fara neman sa hannunka ranar da hoto ya lalace. Rubuta sakamakon da lokacinsa, ko ransa bai so ba.

Tatsar farko bayan hutun ƙarshen mako ma abar tsoro ce. Teknetiyam-99, wanda 99m ke komawa bayan ya fitar da haskensa, ya taru a janareta, ba ya ba da hoto amma yana cinye kuza.

Rabin ƙarfin teknetiyam-99m na tafiya duk awa 6, na molibdenam-99 sai awa 66. Don haka gurɓatar molibdenam a ruwan tatsa, da ke ƙasa da iyakar 0.15 kBq a kowane MBq na teknetiyam da safe, tana iya haura iyakar da yamma (kBq da MBq ma'aunan ƙarfin tiriri ne). A lissafa ta da lokacin allura.

Sirinji ya zauna cikin garkuwarsa, kwalba a tukunyar dalma, a ɗauke ta da hantsaki.